Ƙamshin da Na Baro a Gwanzu Ya Iske Ni a Samaru

Wata Asabar ce a tsakiyar hunturun bana. Ina shago a Kasuwar Sabon Gari ta Zariya, ni da yarona muna ƙirga kwalayen zare, hazo ya lulluɓe gari har ba ka hangen ƙarshen layinmu sosai, sai ga kiran ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, taliyar nan ta Chana da kake ba mu labari, wadda ka ce ba ka taɓa ci ba, akwai wani mutum da ke dafa ta a nan Samaru." Na ce masa Indomie dai ya gani an tsula mata ruwa. Ya rantse ba ita ba ce. Ya ce siririya ce kamar zare, kwanon ƙarami ne, kuma akwai wasu ƙulle-ƙulle guda huɗu kwance a ƙarƙashinta. Da ya ambaci ƙarƙashi sai na ajiye biro, don wanda bai san abin ba, ba zai san a ƙasa ake sa su ba.

Sana'ata zare da allura da yadi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗinkin hannu ne a cikin Birni, ya ƙare rayuwarsa yana zuba aska tara a gaban manyan riguna, ni kuma na koma sayar wa irinsu kayan aiki. Wannan sana'ar ce ta kai ni Gwanzu, birnin da Turawa suka sani da Kanton, can kudancin ƙasar Sin. Shekara bakwai ina zuwa ta jirgin Habasha, a sauka Addis Ababa a canza, har korona ta toshe hanya a 2020. Nakan kauce wa lokacin babban baje kolin Kanton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, saboda kuɗin masauki yakan hau. Masaukinmu Shawbe, unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa, inda za ka ji Hausa da Igbo da Faransanci a ƙofar otal ɗaya. Kasuwata kuwa Jongda, babbar kasuwar yadi da ke tsallaken Kogin Lu'ulu'u, wadda sai ka wuni a ciki ƙafa ta gaji ba ka zagaye ta ba.

A wani lungu da nake bi in na fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa, akwai ɗan gidan abinci, teburansa ba su fi biyar ba. Tukwane biyu a bakin ƙofa, tururi na tashi, wani dattijo tsaye da matsami a hannu. Ƙamshin wurin bai yi kama da na nama ba, bai kuma yi kama da na kayan yaji ba. Ya fi kusa da ƙamshin banda in an ɗora ta a garwashi, sai dai da wani ɗan zaƙi-zaƙi a bayansa wanda hancina bai san irinsa ba. Kullum in na zo daidai nan sai na rage tafiya. Nakan ga dattijon ya jefa ƙullin taliya a ruwa, ya kaɗa, ya tsame, ya tsoma a wani ruwan, ya mayar, duk kafin in ƙarasa wuce ƙofar. Na tambayi tafintana, ya ce sunanta wantan min, wato taliya da wantan, ƙulle-ƙullen nan na fulawa masu nama a ciki, kuma ita ce abincin da 'yan Gwanzu da Hong Kong suke tinƙaho da shi. Ya ƙara da cewa, "Alhaji, kar ka ma kalle ta. Ƙullin akwai alade, romon da ƙashin alade, wasu har kitsensa suke ɗiga wa kwanon." Magana ta ƙare ke nan.

Yunwa ba ta taɓa kama ni a can ba, alhamdu lillahi. A lokacin ko'ina akwai shagunan Musulmin Sin masu koren allo da rubutun halal, masu taliyar Lanjo da ake ja da hannu a zuba mata romon naman sa. Ranar Juma'a kuma, a masallacin da ke gefen kabarin da mutanen can suke jingina wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas, duk da malamanmu sun karantar da mu a Baƙi'a ta Madina yake kwance, in an sallame nakan tarar da masu tsire da gurasa sun jeru. Sai dai duk wannan abincin mutanen arewa maso yammacin ƙasar ne, baƙi ne a Gwanzu kamar yadda nake baƙo. Abincin garin kansa ban taɓa kai shi baki ba. Kamar mutum ya yi shekara bakwai yana zuwa Zariya fatauci bai taɓa shan fate ba. Ban yi da-na-sani ba, abin da Allah ya haramta ya haramtu, amma ƙamshin ya zauna min a rai.

Bayan la'asar na bar wa yaro shago, na hau babur, na bi ta Kwangila, na wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, iska na yanka min kunne. Ɗan yayata na jirana a bakin titi. Muka shiga wani layi bayan shagunan masu hoton takardu, muka karya kwana biyu. Wurin ba allo, ba suna. Rumfar kwano ce a gaban wani ɗaki, benci uku, teburan roba, buta biyu a gefe da sabulu. Tun kafin in kashe babur ƙamshin ya tare ni. Shi ne, wallahi shi ne, na lungun Jongda. Na daɗe zaune a kan babur ɗin ban sauka ba.

Mai wurin ya fito yana goge hannu, mutum ne da bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba. Ya ce, "Sannu da zuwa Alhaji, ya sanyi?" Muka gaisa. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, kafin komai ina so in san abin da ke ciki." Bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ce, "Ka yi daidai, Alhaji. Wanda ya je can ne kaɗai yake fara min wannan tambayar. Shigo ka gani da idonka." Ya buɗe min tukunya. Ƙasusuwan kaji ne, yankan mahautan kasuwar Samaru, da kawuna da ɓawon jatan lande, da wani busasshen kifi mai faɗi kamar faifai. Romon garai-garai, launin shayin da bai ji ganye sosai ba, ba ya tafarfasa, ɗan motsi kawai yake yi a hankali.

Ɗan Tudun Wada ne. Ya yi kimanin shekara goma a Gwanzu yana tafinta da haɗa wa 'yan kasuwa kaya, ya iya yaren Kanton, wanda ya sha bamban da Mandarin da ake koyarwa a makaranta. Ya ce a benen da ya yi haya, maƙwabtansa wani tsoho ne da matarsa masu shagon taliya a ƙasa. Shekara biyu yana taimaka musu ɗaukar buhun fulawa in ya dawo da dare, suna yi masa tayi yana ba su haƙuri. Ranar da matar ta fahimci dalilinsa, ba ta ce komai ba. Bayan kwana uku ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da sabuwar tukunya, takardar kanti ma ba a ɓare ba, da sabon katakon yanka, da sabuwar wuƙa. Ta ce ya je ya sayo kaza a wurin Musulmi 'yan'uwansa. A ɗakinsa ta dafa masa, yana tsaye yana kallo. Da yake faɗa min wannan sai da ya ɗan juya baya ya gyara murfin tukunya. Ni ma na yi shiru, don na san haƙƙin maƙwabtaka, amma ban zaci zan ji labarin wadda ta kiyaye shi haka a wancan gari ba.

Daga nan tsohon ya koya masa taliyar. Wannan ɓangaren ne ya fi ɗaukar hankalina, wataƙila don ni ɗan maɗinki ne, ina son ganin inda hannu ya yi aiki. A bayan ɗakin akwai wani katako mai kauri, da gora ƙatuwa wadda aka cusa kanta ɗaya a wani rami a bango. Kwaɓin fulawar busasshe ne ƙwarai, ƙwan agwagwa ne ya haɗa shi, ruwa ɗan kaɗan, hannu ba ya iya murza shi yadda ya kamata. Sai a sa shi ƙarƙashin gorar, mutum ya hau ɗaya kan kamar mai hawan jaki, ya riƙa tsalle a hankali yana matsawa gefe, gorar na danne kwaɓin. A ninke, a sake. Ya ce yakan yi haka bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. A can Gwanzu da Hong Kong ma masu yi da gora sun yi ƙaranci, inji ya karɓe aikin. In kwaɓin ya yi laushi sai ya bi da shi ta injin murza taliya, irin wanda matanmu suke yin taliyar Hausa da shi, har ya yi siriri, sannan ya yanka. Na ɗauki sili ɗaya na duba a haske kamar yadda nake duba zare. Kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe.

Ya zaunar da ni, ya koma gaban wuta. Wantan ɗin ya fara jefawa. Fallen fulawa ne mai kusurwa huɗu, siriri har kana ganin inuwar yatsa ta cikinsa, a sa ɗan haɗi a tsakiya a damƙe, sauran fallen ya rage yana reto kamar wutsiyar kifi. Ya ce sunan a rubutun Kanton yana nufin haɗiyar gajimare, kuma da na ga yadda suke yawo a ruwa fari-fari na gane inda aka samo shi. Da suka taso ya tsame. Ya ajiye cokali a gindin kwanon tangaran, ya jera su huɗu a kai. Sannan taliya: ya warware ƙulli ɗaya a tafasasshen ruwa, ya kaɗa da tsinke, ko minti ɗaya ba ta yi ba ya kwashe ta ya tsoma a ruwan sanyi, ya sake mayar da ita ruwan zafi na ɗan ƙiftawar ido, ya girgije. Ya ce wannan tsomawar suna kiranta gwo lang ho, ƙetare kogin sanyi. Ya ɗora taliyar a kan wantan ɗin ta yi tudu, ya zuba romo ta gefen kwano, bai bari ya shanye kanta ba, ya barbaɗa lawashi.

Na yi bisimilla. Tsinken cin abinci na koye shi tun a shagunan Lanjo, don haka da shi na ci, ɗan yayata kuwa cokali mai yatsu ya nema. Mai wurin ya ce, "Alhaji, romon za ka fara kurɓa." Na kurɓa. Ba yaji, ba daddawa, ba dunƙule, amma baki ya cika. Kifin ne ya fara zuwa da ƙamshin gashinsa, zaƙin jatan lande ya biyo, farin masoro ya ɗan ɗumama maƙogwaro, ga sanyin Samaru na kaɗawa ta ƙarƙashin rumfa. Sannan taliyar. Mu mun saba da taliya mai laushi wadda ta sha ruwa ta kwanta. Wannan tana turjiya a haƙori, sai ka ɗan matsa sannan ta tsinke ƙas. Ya ce kalmarsu dan nga, wato mai tsalle a haƙori, kuma in taliya ta rasa wannan to ko romon ya kai zuma sun ce an ɓata kwano. Da na ciro wantan ɗaya, fallen ya sulale a harshe, cikin kuma jatan lande ne ɓari-ɓari, ba a niƙa shi ba, da cinyar kaza da ɗan kitsenta, da man riɗi, da garin kifin nan da aka gasa aka daka.

Ina cikin ci sai wani ɗanɗano ya riƙa taɓa min bayan harshe, wanda na sani tun ina yaro amma na kasa kama sunansa. A loma ta uku na ce, "Malam, kanwa nake ji." Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce kanwa ce. Mutanen Kanton suna da wani ruwan sinadari da suke sa wa kwaɓin, dangin kanwa ne da ruwan toka, shi ke ba taliyar ruwan ɗorawar nan da taurin nan. Da ya dawo gida da kwalba biyu ya zo, da suka ƙare ya rasa yadda zai yi, sai mahaifiyarsa ta ce ya kawo ta shinshina ragowar. Ta ce ai wannan jiƙon kanwa ne. Watanni ya yi yana gwadawa, yana jiƙa ta ta kwana, ya tace da ƙyalle sau biyu don yashi, yana zubar da kwaɓi, kafin ya gane ƙimarta. Matsalar kanwar kasuwa, in ji shi, ƙarfinta ba ɗaya ba ne, ta wannan makon daban da ta makon jiya, don haka duk sabuwar da ya sayo sai ya yi ɗan gwaji tukuna.

Nan na ajiye tsinke na yi ta tunani. Garin wake da na rogo, a sa kuka, a kwaɓa da ruwan kanwa, a jefa a tafasasshen ruwa, in ya taso a tsame a tsoma a ruwan sanyi: ɗan wake ke nan, wanda Inna ta tashe mu da shi. Kanwa, ruwan zafi, ruwan sanyi. Ashe shekara bakwai ina rage tafiya a lungun Jongda ina kallon dattijo yana yin abin da ake yi a tsakar gidanmu. Ya miƙo min wata 'yar kwalba mai jan ruwa, ya ce in ɗiga kaɗan a kan taliyar. Ruwan khal ne, jan irin nasu. Da na ɗiga sai kanwar ta lafa. Mu kanwa muke jefa wa miya ta kashe tsamin tumatir ko yakuwa, su kuma tsami suke ɗiga wa taliya ya kashe kanwa. Sani ɗaya ne, kowa ya kamo shi ta ɓangarensa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Muna zaune wasu ɗalibai uku suka shigo, aka kawo musu, ɗaya ya kalli kwanon ya ce, "Oga, wannan ai ɗanɗane ne, ina abincin?" Wani ya nemi a kawo masa yaji ya zuba cokali biyu tun bai kurɓi romon ba. Ban ga laifinsu ba. Kuɗin kwanon ya kusa na farantin shinkafa da nama biyu, ɗalibi kuma ƙoshi yake nema, kuma mu mutane ne da muke auna karamci da tudun malmala. Amma ƙanƙantar kwanon nan ba rowa ba ce. Taliya siririya irin wannan tana ci gaba da nuna a cikin romo mai zafi, in kwanon ya yi girma kafin ka kai rabi ta saki, aikin gora na asuba ya tafi a banza. Shi ya sa ake sa cokali da wantan a ƙasa su ɗaga ta sama, shi ya sa ake zuba romo ta gefe. Suna kiran wannan ƙaramin kwano sai yung, kuma tun asali abin taɓawa ne, na marece ko na dare, ba a ɗauke shi abincin cika ciki ba. Mai wurin ya ce gidan Mak da ya yi suna a titin Wellington na Hong Kong, waɗanda asalinsu daga Gwanzu suka ƙaura, har yau ƙaramin kwano suke bayarwa, wanda bai ƙoshi ba ya sake neman wani. Na sake neman wani.

Mahaifina yakan yi wata uku a kan riga ɗaya, mai saye ya zo ya ce ai ta inji ta fi sauƙi kuma daga nesa duk ɗaya ne. Yakan ce, to ka tsaya daga nesa. Abin da na gani a fuskar mutumin nan lokacin da aka tula yaji a romon da ya yi awanni yana tsare da shi, na taɓa ganinsa a fuskar Baba. Bai ce komai ba, ya ƙaro wa yaron ruwa. Ni dai roƙona ga duk wanda zai je, ya kurɓi romon sau uku yadda aka kawo shi, bayan nan in yaji yake so ga shi nan a kan tebur.

Akwai kuma masu ƙyamar jatan lande don kamanninsa. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, kuma aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta mana farautar teku da abincinsa. Mu da muke soya fara mu ci da yaji, bai kamata ƙafafun jatan lande su ba mu tsoro ba. Wahalarsa dai samu. Daga Legas yake tasowa a daskare, kuma da yake wuta ba ta zama, ba ya iya ajiye shi da yawa. Saboda haka Juma'a da Asabar kaɗai yake wannan taliyar, sauran ranaku shinkafa yake soyawa, ita ce ma take riƙe da shagon.

Na tambaye shi kai tsaye ko wannan ita ce ta asali. Ya ce, "Alhaji, ba zan yi maka ƙarya ba. In ɗan Gwanzu ya ci zai san an canza abu uku. Kaza ta maye alade a ƙulli da romo. Akwai wani ganye mai kama da lawashi da suke rufewa daga rana har ya yi ruwan ɗorawa, shi suke barbaɗawa, ni lawashinmu nake sawa. Giyar girki da wasunsu suke ɗigawa kuma ba ta shigo nan ba. Amma taliyar da fallen da kifin da yadda ake jerawa, yadda tsohon ya koya min haka nake yi, ban rage ko ɗaya ba." Wannan amsar ta fi min daɗi a kan ya ce min komai daidai yake. A ganina abin da ya cire shi ne abin da ya hana ni ci, abin da ya bari kuma shi ne abin da ya riƙa tsayar da ni a lungun nan. Kifin ne ma ya fi damunsa. Wani kifin teku ne shimfiɗaɗɗe mai idanu biyu a gefe ɗaya, suna ce masa dai dei yu, a busar da shi, in za a yi romo a gasa shi a wuta tukuna. Ya gwada bandar tarwaɗa, ya gwada kifin sitok, ya ce romon ya yi daɗi amma ya zama wani abu daban. Don haka 'yan kasuwa yake roƙo su saƙo masa a jaka. Saura guda shida gare shi a ranar.

Da zan tafi na ce ya zuba min kwano biyu a leda in kai gida. Ya ƙi. Ya ce daga Samaru zuwa cikin Birni taliyar za ta zama fate, kuma ba ya so Hajiya ta fara saninta a haka. Sai ya naɗe min ɗanyar taliya ƙulli biyu a takarda, ya jera ɗanyen wantan takwas a roba ya barbaɗe su da fulawa, ya karɓi filas a wurin maƙwabcinsa mai shayi ya cika da romo, ya ce in dawo da shi ranar Juma'a. Ya maimaita min sau biyu: ruwa mai yawa, ya tafasa sosai, a tanadi ruwan sanyi a gefe, kar a bar wurin.

Na shiga ta Ƙofar Doka ana kiran isha'i. Uwargida ta ɗora ruwa, na tsaya a kanta ina ƙirge, tana cewa, "Alhaji, ai ɗan wake ne, na gane, matsa min." Ta kuwa yi shi daidai tun karon farko. Muka kai wa Inna ɗakinta, tana zaune gaban kasko ta lulluɓa da bargo. Ta tambayi abin da ke cikin ƙullin, na faɗa mata, ta ce a'a, ita dai a bar ta da taliyar. Ta kurɓi romo ta yi shiru. Ta ɗebi taliya da hannu, ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta ce, "Wannan kanwar ungurnu ce?" Na ce ban tambaya ba, Inna. Ta ce, "Ka tambaye shi. Ka ce masa hannunsa na da kyau, amma ta ɗan yi yawa kaɗan." Can sai ta miƙa hannu ta ɗauki wantan ɗaya, ta ɓare shi ta duba a hasken fitila, ta ci. Ta ɗauki na biyu.

Ranar Juma'a na mayar da filas, na isar da saƙon. Ya dafa kai ya ce ungurnu ce, kuma Inna ta yi gaskiya, ranar sabuwar kanwa ya fasa, gwajinsa bai kai ba. Ya ce in gaishe ta, in ce ya gode, kuma kwanonta na wannan makon ba da kuɗi ba ne. Sannan ya yagi takarda ya rubuta min sunan kifin da rubutun Sin, da na jan ruwan khal ɗin, da na irin ganyen nan ko Allah zai sa ya yi a lambun bakin Kubanni, ya ce in nuna a kowace kasuwar busassun kayan teku za su gane. Bayan Sallah nake sa ran komawa Gwanzu, in Allah ya yarda. Takardar tana cikin fasfo ɗina.